Yadda nake farfaɗo da tsohuwar kwamfutar da robarta ta koma ruwan ɗorawa

Duk wanda ya ci karo da tsohuwar kwamfuta a sito, abu na farko da zuciyarsa ke raya masa shi ne ya jona ta da wuta ya ga ko tana da sauran rai. Don Allah kada ka yi haka. Da yawa daga cikin injinan da ake kawo mini shago a Samaru lafiyarsu ƙalau suka yi shekara talatin a kwance, sai ranar da aka ɗauko su aka jona, a nan wani abu ya ƙone. Launin jiki kuwa, wanda shi ne ke fara damun mai kaya, ni a wurina shi ne aikin ƙarshe, kuma wani lokaci ma ba na taɓa shi.

Zariya tana da irin waɗannan injina fiye da yadda mutane ke tsammani. Malaman Jami'ar Ahmadu Bello da suka je ƙarin karatu Ingila a shekarun 1980, wasunsu sun dawo da kwamfutar gida a cikin kayansu: BBC Micro ta kamfanin Acorn da ta fito a 1981, ZX Spectrum da Commodore 64 na 1982, Amstrad CPC 464 ta 1984 mai gidan kaset a jikinta, sai Amiga 500 ta 1987. Yanzu da masu su ke ritaya suna tashi daga gidajen malamai, 'ya'ya ne ke tono su daga ƙarƙashin tsofaffin takardu. Wasu a kawo wa irinmu, wasu kuma a miƙa wa 'yan gwangwan su auna a sikeli, su fasa don 'yar tagullar da ke ciki. Wannan na ƙarshen yana yi mini ciwo ƙwarai, domin ba a ƙara ƙera su, wadda aka fasa ta tafi ke nan.

Zan riƙe Amiga 500 a matsayin misali saboda ita ce robarta ta fi saurin canza launi a cikin waɗanda nake gani, amma inda sauran suka bambanta zan faɗa.

Fara da kifa ta ka karanta takardar da ke manne a ƙasanta, ka karanta ta jikin akwatin wutarta. Idan ka ga ƙarfin wutar 220V zuwa 240V, ta Turai ce, ta dace da wutarmu, kuma hotonta na tsarin PAL ne irin na talabijin ɗinmu. Idan ka ga 110 ko 120, daga Amurka ta zo, sai da taransifoma mai rage wuta, kuma hotonta NTSC ne, ba kowane tsohon talabijin ke nuna shi da launi ba.

Kafin sukudireba ya taɓa ta, nemi kiret ɗin ƙwai wanda babu komai, kowane rami na irin sukuru ɗaya, ka rubuta a jiki inda ya fito. Sukurorin ba tsawonsu ɗaya ba, kuma dogo idan ya shiga ramin gajere sai ya huda robar ya leƙo ta sama. Ɗauki hoto da wayarka a kowane mataki, musamman yadda wayar kibod ta shiga fanel, wato allon da kayan wutar injin ke dashe a kansa, domin akwai inda za a iya mayar da ita a juye. Wasu Amiga sukurorinsu masu kan tauraro ne, ka tabbata kana da bakin da ya dace kafin ka cinye kan. Idan lokacin hunturu ne, ka san wutar nan da ke taruwa a jiki har ta yi tas idan ka cire rigar sanyi ko ka taɓa ƙofar mota. Ita kaɗai ta isa ta kashe ɗaya daga cikin baƙaƙen guntayen nan masu ƙafafu (IC) da ke kan fanel, wanda babu irinsa a kasuwa. Kada ka yi aikin a kan kafet ko dardumar roba. Zauna inda siminti yake, ka riƙa taɓa ƙarfen taga kafin ka kai hannu ciki, ka kuma riƙe fanel ta gefe-gefe.

Buɗewar a tsakar gida ake yin ta, da takunkumi a fuska. Abin da za ka tarar ya danganta da inda aka ajiye ta: jar ƙurar hunturu ta shekaru, kashin kyankyasai, ƙwan tsaka a lungun gidan faifai, gidan zanzaro a cikin ramukan baya, wani lokaci da fitsarin ɓera wanda ya ci farantin ƙarfen da ke rufe fanel ya bar shi da tsatsa. Sabon buroshin fenti mai laushi da 'yar bulowar hannu sun isa. Kunnuwan farantin ƙarfen nan a hankali ake miƙe su, sau ɗaya, don idan aka yi ta lanƙwasawa karyewa suke.

Yanzu sai farautar batir, kuma nan ne nake so ka fi natsuwa. A ƙarƙashin Amiga 500 akwai wata 'yar ƙofa. Idan ka buɗe ka ga wani kati a ciki, galibi A501 ne, wanda ke ƙara mata ƙwaƙwalwa daga 512KB zuwa 1MB, kuma yana ɗauke da batirin agogo mai siffar 'yar ganga. Wannan batir tun tuni ya fara yoyo. Ruwansa yana bin hanyoyin tagullar da ke jikin fanel yana cin su a ɓoye, alamarsa kuwa wani kore-kore ko farin gari a ƙafafun kayan da ke kusa. Amiga 500 Plus a kan babban fanel ɗin ma aka dasa mata shi, haka nan yawancin kwamfutocin ofis na zamanin 386 da 486. Ko bai nuna komai ba, datse ƙafafunsa da filaya ka cire shi yau. Injin zai yi aiki ba tare da shi ba, agogo ne kawai zai riƙa mantawa. Abin da ya zubo dangin kanwa ne, saboda haka tsami ke kashe shi: ɗiga farin ruwan khal a wurin da auduga, za ka ga yana 'yar kumfa, ka ba shi mintoci kaɗan, ka goga da tsohon buroshin goge baki, sannan ka wanke wurin sosai da sifirit ɗin da ake kira isopropyl, kada ka bar tsamin a kai don shi ma yana cin ƙarfe. Bayan ya bushe, bi hanyoyin tagullar ɗaya bayan ɗaya da mitar gwajin wuta irin ta masu gyaran rediyo. Wadda ta yanke ana haɗa ta da siririyar waya da dalma. Idan hannunka bai saba da dalma ba, wannan ɓangaren ka kai wa mai gyaran rediyo na gaske, irin dattawan da suka yi zamanin talabijin mai ƙeya, sun fi sanin irin waɗannan fanel ɗin.

Akwatin wuta shi ne na biyu. Na Commodore 64 ya yi ƙaurin suna a duk inda ake amfani da ita: an cika cikinsa da danƙo mai tauri, ba ya buɗuwa a gyara, kuma idan ya tsufa sai layin 5V ya hau ya ƙona ƙwaƙwalwar injin. Auna shi da mita shi kaɗai, ba a jikin kwamfuta ba. Yana ba da 5V DC da 9V AC. Ni da zarar na ga na farkon ya haura 5.2, na daina yarda da shi, kuma ko ya nuna daidai na fi son a haɗa sabo. Na Amiga 500 yana ba da 5V da 12V da kuma 12V na ƙasa da sifili, duka ukun a auna. BBC Micro nata a ciki yake, kuma akwai wasu kafasitoci, wato 'yan kayan da ke tara wuta, ƙirar RIFA, masu jiki kamar gilashi da ke tsattsagewa da shekaru. Idan aka kunna sai su fashe da farin hayaƙi mai ɗoyi. A canza su tun kafin a jona. A kan fanel ɗin kowace iri, duba kafasitoci masu siffar gwangwani, wanda kansa ya kumbura ko gindinsa ya jiƙe a cire. Amiga 600 da 1200 na 1992 sun fi kowa wannan matsala.

Idan da allon kallo mai ƙeya aka kawo ta, goge bayansa kawai. Cikinsa yana riƙe wuta mai ƙarfin gaske ko bayan an zare shi daga soket. Kada ka buɗe.

To, sai wanki. Raba roba da duk wani abu na wuta ko ƙarfe: 'yan fitilu, tambarin kamfani idan yana ɓamɓaruwa lafiya, ƙafafun roba na ƙasa. Maɓallan kibod ana zare su sama ne miƙe, da lanƙwasasshiyar waya a zagaye da maɓalli, ba a banƙare su ta gefe da wuƙa. Ƙarƙashin kowanne akwai sifirin, ka tara su a kwalba don idan ɗaya ya yi tsalle cikin yashin tsakar gida sai dai haƙuri. Dogon maɓallin ƙasa yana da sandar ƙarfe da ke riƙe shi, a zame ta a hankali. Ruwa mai ɗumi, sabulun ruwa na wanke-wanke, buroshin goge baki da soso mai laushi, shi ke nan. A jiƙa murafen a baho kamar awa ɗaya, a bi kowane layi na ramukan shan iska da buroshi. Takardar lambar da ke ƙasa kada ta jiƙe, murfin ƙasa a wanke shi da tsumma maimakon a nutsar.

Abubuwan da ba sa kusantar wannan roba: tina, fetur, kalanzir, ruwan goge jan farce, soson ƙarfe, da toka. Irin robar da ake kira ABS ce, kuma sinadarin asiton da ke cikin ruwan goge farce narkar da ita yake nan take, ya bar tabo mai ƙyalli wanda ba ya gyaruwa. Na san a wuraren gyaran waya ana wanke fanel da tina, yaran shagona ma da wannan sabon suka zo, amma a nan na hana. Hypo ma ba wurinsa ba ne. Ɗauraya ta ƙarshe kuma, idan ruwanka na rijiya ne ko na burtsatse da ka saya wurin 'yan garuwa, yakan bar farin tabo idan ya bushe. Yi ta da ruwan sama da aka tara a mazubi mai tsabta, ko tataccen ruwan da masu cajin batir ke sayarwa, amma ka faɗa musu ƙarara wanda ba a haɗa da asid ba kake so. A shanya a inuwa, a bar su su kwana.

Bayan sun bushe ne za ka san gaskiyar launin. Sau da yawa rabin abin da ake kira canza launi dauɗa ce kawai, hayaƙin risho da na turaren wuta da na maganin sauro da maiƙon hannu, kuma sabulu ya tafi da su. Juya murfin ka dubi cikinsa, ko wurin da tambari ya rufe, wannan shi ne launin da ta baro masana'anta da shi, kuma iyakar inda za ka kai ta ke nan. Commodore 64 ta farko, mai tudu, dama can launin ƙasa-ƙasa ce. Wadda ta fito a 1986, C64C, ita ce mai haske. Amiga 500 ruwan madara ce mai ɗan duhu, ba farar takarda ba. Wanda bai san wannan ba sai ya yi ta gasa robar yana neman farin da ba ta taɓa yi ba.

Abin da ke canza launin, iska ce ke cin saman robar sannu a hankali, hasken rana da zafi suna hanzarta ta. An daɗe ana ɗora laifin a kan sinadarin bromin da ake zubawa don hana roba kama wuta, amma ɓangaren butadiene da ke cikin ABS shi kansa yana yin rawaya idan ya tsufa. Shi ya sa wadda ta zauna kusa da taga gefe ɗaya ya fi duhu, wadda kuma ta yi shekaru a sito mai rufin kwano, inda zafin Maris da Afrilu ke dafa komai, ko ba ta ga rana ba za ka same ta ta rine. A 2008 masu sha'awar tsofaffin kwamfutoci a Turai suka yaɗa dabarar da suka kira Retr0bright: haidirojin feroksaid da hasken rana. Tana aiki, na gani da idona. Amma ka san abu biyu tun kafin ka fara. Saman robar kawai take haskakawa, ba ta mayar mata da ƙarfinta, kuma bayan wasu shekaru rawayar takan dawo, ko da a kwali aka ajiye.

Saboda haka nake tambayar mai kaya tukuna. Wata Hajiya daga Tudun Wada ta aiko jikanta da Amiga ɗin marigayi mijinta, da na kira ta na yi mata bayani sai ta ce, "Malam, ni dai a goge ƙurar, a sa ta ta kama. Launin a bar shi yadda Alhaji ya bar ta." Na ce, "To Hajiya, an gama." Kuma har ga Allah na ji daɗin amsar. Idan rawayar ta bi jiki daidai wa daida, ba ta da muni. Wadda nake haskakawa ita ce mai dabbare-dabbare, ko wadda ta yi duhu har ta koma ruwan goro.

Idan ka yanke za ka yi, haidirojin iri biyu ake samu a garin nan. Akwai na ruwa da ake saya a kemis don wanke ciwo, ƙarfinsa kashi 3 ko 6 cikin ɗari, yana rubuce a kwalba. Akwai kuma mai kauri kamar kirim da ake haɗawa da rinin gashi, a wajen masu kayan saloon a kasuwar Sabon Gari. Wanda aka rubuta 40 volume kashi 12 ne, 20 volume kashi 6. Sa safar hannu da tabarau. Idan ya taɓa fata takan yi fari da raɗaɗi, a wanke da ruwa mai yawa. Idan ido ne, a yi ta zuba ruwa na kwata ɗin awa sannan a tafi asibiti. Kada a haɗa shi da Hypo, kada a haɗa shi da ruwan khal, kada a zuba shi a gorar ruwan sha inda yaro zai ɗauka ruwa ne. Kuma kada a rufe mazubinsa ƙam a rana, yana fitar da iska, murfi zai iya tashi.

Maɓallai su ne masu sauƙi. Zuba su a faffaɗar kwalbar gilashi, ka rufe su da na kemis, ka ɗora murfi sako-sako, ka ajiye a rana kana girgizawa lokaci-lokaci don suna tasowa sama kuma kumfa na manne musu. Na Amiga kala biyu ne, masu haske da masu ruwan toka. Raba su, masu ruwan tokar su fara fita, domin su ne ke saurin yin fari-fari kamar an barbaɗa musu gari. Baƙaƙen maɓallai irin na BBC Micro, ko masu ruwan ƙasa na Commodore 64 ta farko, sabulu kawai.

Manyan murafe ne ke buƙatar shawara. Murfin Amiga 500 ya kusa rabin mita a tsawo, nutsar da shi yana cin kwalabe masu yawa, ko da yake shi ne ya fi ba da launi bai ɗaya. Yawancin mutane kirim suke shafawa da buroshi su naɗe da farar leda mai ɗamewa. Yana da sauri, amma a yanayinmu yana da haɗari: duk inda kirim ya bushe ko ledar ta yi ƙunci, sai a sami zane-zane a jikin robar, kuma wannan zanen ba ya fita. Iskar hunturu kuwa cikin ɗan lokaci take busar da shi. Idan shi za ka yi, shafa da kauri, ka riƙa murza shi ta saman ledar kana juya murfin duk bayan minti ashirin, kada ka tafi sallah ko kasuwa ka bar shi, gara ka wanke ka sake sabo in ka dawo.

Ni hanyar da na fi so ita ce turarawa, kamar yadda ake turara dambu, sai dai a nan babu wuta, rana ce ke yin aikin. Sami babban akwatin roba wanda ake ganin cikinsa, ka zuba haidirojin na ruwa a ƙasa ya ɗan rufe gindin, ka kifa kofunan gilashi a ciki, ka ɗora murfin kwamfutar a kansu yadda ba zai taɓa ruwan ba, ka rufe akwatin ba tare da ka danne ba. Tururin ne ke bin jiki ko'ina. Yana da jinkiri, da na kemis mai kashi 6 sai ka yi ta fitarwa kwana bayan kwana, amma ba ya cin haidirojin da yawa kuma ba kasafai yake barin zane ba. Kofunan su tallafi murfin a wurare da dama, har da tsakiya, saboda roba mai zafi idan ta rataya a iska lanƙwashewa take.

Zafi shi ne abin tsoro a Zariya, ba ƙarancin rana ba. Ina fitarwa daga ƙarfe takwas na safe zuwa sha ɗaya, in shigar, in sake fitarwa bayan la'asar. A watan Maris da Afrilu ba na barin komai a ranar tsaka. Taɓa bayan akwatin da hannu. Idan ba ka iya barin tafinka a kai ba, mayar da shi inuwa. Kada a ɗora a kan kwano ko saman mota. Murfin sama da na ƙasa da 'yar ƙofar nan a yi su tare don launinsu ya tafi daidai. Kowane lokaci ka fito da shi, ɗauraye, ka bar shi ya bushe, ka gwada da launin ciki a inuwa, domin jiƙaƙƙiyar roba a rana tana yaudarar ido. Ka tsaya tun da sauran ɗan rawaya kaɗan. Wanda ya zarce ba shi da hanyar komawa.

Wajen haɗawa, ka tuna robar ta tsufa. Ɗora sukuru a raminsa, ka juya shi baya a hankali har ka ji ya faɗa cikin tsohon zarensa, sannan ka ɗaure, kuma da ya tsaya ka tsaya. Idan ginshiƙin sukuru ya tsage, ana narkar da gutsattsarin robar ABS a ɗan asiton har ya yi kauri, a shafa ta ciki kawai, a bar shi ya kwana. Bakunan jonawa na baya a goge su da isopropyl. Kan da ke karanta faifai ma haka, da auduga, a hankali, kada a ɗaga shi sama da ƙarfi.

Kunnawar farko kada ta kasance a kan janareto, kada kuma ta kasance lokacin da aka kawo wuta yanzu-yanzu tana rawa. Sitabilaiza mai kyau ko inbata, hannunka a kan makunni, hancinka a buɗe. Idan ka ji ƙauri ko ka ga hayaƙi, kashe. Amiga 500 mai lafiya za ta nuna hannu riƙe da faifai tana jiran ka saka mata. Idan ta ramin hoto na bayanta ka jona, baƙi da fari za ka gani, haka aka yi ta, launi sai da ɗan akwatin A520 ko wayar RGB. Commodore 64 za ta kawo shuɗin allo da rubutun 38911 BASIC BYTES FREE. BBC Micro za ta yi ƙara biyu, ta ƙasa da ta sama. Ka bar ta a kunne ɗan lokaci kana taɓa saman manyan guntayen da bayan yatsa, wanda ya yi zafin da ba ka iya jurewa akwai magana a kansa.

Faifayen da aka samu tare da ita kada a yi gaggawar saka su. Zame ƙarfen bakin kowanne ka juya cikin a gaban haske. Damina takan sa musu fumfuna, kuma faifai ɗaya mai fumfuna zai shafe kan da ka gama gogewa, ya kuma karce na bayansa. Waɗanda ke da tabo a ware su gefe, kada a zubar, wataƙila akwai rubutun digirin wani a ciki da za a iya cetowa. Don amfanin yau da kullum akwai na'urar Gotek da ke maye gurbin gidan faifai tana karanta filashi, amma ka adana na asalin a leda tare da sukurorinsa. Ita kanta kwamfutar a ajiye ta nesa da taga, ba a ƙasa ba, ba kuma a ɗakin da kwano ke kusa da kai ba, a lulluɓe ta da farin ƙyalle na auduga, a jefa 'yan ƙulle-ƙullen shan danshi irin na kwalin takalmi a kusa da ita daga Yuni zuwa Satumba, a kuma riƙa kunna ta bayan 'yan watanni ko da na rabin awa ne.